Batura huɗu a Las Palmas: yadda suka mutu da yunwa, da gyaran da aka yi kafin ƙetare Atalantika

Duk watan Nuwamba, tashar ƙananan jiragen ruwa ta Las Palmas da ke tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya takan cika da jirage masu tafiya da iska, kowa na shirin ƙetare Tekun Atalantika zuwa Karebiyan. Wasu na cikin ARC, ayarin jiragen da ke ƙetarewa tare duk shekara, wanda Jimmy Cornell ya fara a 1986, wasu kuma tafiyar kansu suke yi. Daga nan zuwa tsibirin Sant Lushiya mil 2,700 ne na teku, tafiyar mako biyu da rabi zuwa uku, babu tasha a hanya, babu inda za a jona waya. A irin wannan lokaci ne masu gyaran lantarki na tashar ba sa samun zama, kuma ƙorafin da ya fi yawa ɗaya ne: batir ba ya kai safiya.

Jirgin da za mu duba irin wanda aka fi gani ne a wannan hanya, kuma alƙaluman da aka kawo su ne aka saba samu a mai girmansa. Tsawonsa mita 12, yana da injin dizal ƙarami. Batirin tada inji ɗaya ne, 75Ah (Ah, wato amfiya-awa, shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Batura na hidimar jirgi huɗu ne, nau'in AGM, wato batirin dalma rufaffe da ba a ƙara wa ruwa, kowanne 110Ah a 12V, an haɗa su jere da juna suka ba da 440Ah. Shekararsu biyu da rabi. Akwai faifan sola na wat 200, da altaneta da aka rubuta wa 80A, da cajar da ke aiki idan an jona wutar tasha. Jirgin ya yi bazara biyu a Bahar Rum, yawanci a kan anka, ƙarfen da ake jefawa a ruwa ya riƙe jirgi, ba a tasha ba.

Matsalar ta bayyana ne a hanyar zuwa Kanari daga Jibralta. Wajen ƙarfe huɗu na asuba na'urar tuƙi, wadda ke tuƙa jirgin da kanta, takan yi ƙara ta saki sitiyari, firji ya ƙi tashi, mita ta nuna 11.7V. Amma na'urar lissafin caji, wadda ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, tana nuna saura kashi 70 cikin ɗari. Ɗaya daga cikin biyun ƙarya yake yi.

Gwajin da ke faɗin gaskiya

Abu na farko da mutane ke yi shi ne su kawo ƙaramar na'urar gwajin batir irin ta gareji. Wannan tana auna ƙarfin bugun tada inji na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Batirin da ya rasa rabin cikinsa yana iya cin wannan gwaji lafiya lau. Abin da ake nema a batirin hidima shi ne yawan abin da zai iya bayarwa a hankali cikin dogon lokaci, kuma hanyar sanin haka ɗaya ce, gwajin awa ashirin.

Ana raba baturan, a cika kowanne shi kaɗai har ya ƙoshi, a bar shi ya huta. Sai a raba adadin da aka rubuta masa gida 20. Na 110Ah zai ba da 5.5A. A ɗora masa kaya mai jan wannan adadi. Ƙwan fitilar mota na wat 55 da wani na wat 10 a haɗe sukan ja kusan haka. A riƙa duba mita, a tsayar da agogo da zarar ya sauka 10.5V, a mayar da shi caji nan take, domin barinsa a haka ko na kwana ɗaya ƙarin lahani ne. Sabo zai yi awa 20. A wannan jirgi na farko ya yi awa 12 da rabi, na biyu 12, na uku 11, na huɗu awa 7 kacal. Idan aka ninka da 5.5, an samu kusan 69, 66, 60 da 38. Jimla 233Ah, wato kashi 53 na abin da aka saya. Masu ƙera batir suna ɗaukar wanda ya sauka ƙasa da kashi 80 a matsayin wanda ya gama aiki.

Da wannan lissafin asubar ya fito fili. Jirgin na cin kusan 11A da dare, awa 12 ya zama 130Ah. Na'urar lissafi tana cire 130 daga 440 ta ce saura kashi 70. A zahiri ana cire 130 ne daga rumbun da bai wuce 233 ba, wanda kuma bai cika ba tun da magariba. Abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Abin da ya kashe su

Shekara biyu da rabi ba tsufa ba ne ga AGM. Yunwa ce ta kashe su, kuma ana iya bin sawunta daki-daki.

A kan anka jirgin na cin kusan 105Ah a rana: firji 54, tunda yana jan 4.5A kuma yana aiki rabin yini a lokacin zafi, fitilu 10, cajin wayoyi, kwamfuta da famfon ruwa 25, rediyo da sauran na'urori 15. Solar wat 200 tana ba da kamar 55Ah idan rana ta yi kyau. Ana tada inji awa ɗaya kullum, a ɗauka ya zuba 80Ah. Bai taɓa zubawa ba. Adadin da ke jikin altaneta na lokacin da take da sanyi ne kuma tana gudu sosai. Da ta yi zafi a cikin ƙaramin ɗakin inji, 45 zuwa 50A take bayarwa. Abin da ke shiga 100 ke nan, abin da ke fita 105, ga shi batirin dalma sai an mayar masa da fiye da abin da aka cire, kashi 105 zuwa 115, kafin ya koma inda yake.

Akwai kuma ɓarawo a kan hanya. Tsakanin altaneta da batura an sa tsohuwar na'urar raba caji mai dayod, wadda ke raba wuta tsakanin batirin inji da na hidima. Dayod na cin kusan 0.7V. Altaneta ta fitar da 14.2V, batir ya ga 13.5V. Wannan matakin riƙo ne, na batirin da ya riga ya cika, ba na cikawa ba. AGM na buƙatar ya kai 14.4 zuwa 14.7V, gwargwadon abin da kamfaninsa ya ce, ya zauna a nan na wasu awoyi har wutar da yake karɓa ta sauka zuwa kashi 1 ko ƙasa da haka na girmansa. Ga rumbun 440Ah, wajen 4A ke nan. Kashi 20 na ƙarshe shi ne mai cin lokaci, awa huɗu zuwa shida, ko da caja tana da ƙarfin doki. Babu mai barin injin jirgi yana ruri awa shida don ya zuba 'yan amfiya, shi ya sa batura na jiragen da ke zaman anka suke rayuwa tsakanin kashi 50 da 80.

A cikin batir, duk lokacin da aka ja wuta, gishirin salfet yana kwanciya a kan farantan dalma. Idan aka cika shi da wuri, gishirin ya narke ya koma cikin asid. Idan aka bar shi makonni, sai ya sandare ya zama ƙwayoyi masu tauri da caji ba ya iya narkarwa, kuma duk inda ya rufe ya fita daga aiki. Wanda ya taɓa ganin batirin infata na gida ya mutu cikin shekara ɗaya saboda wutar gari ba ta daɗewa har ya cika, ya san ciwon nan, iri ɗaya ne.

Na'urar lissafi kuwa ta taimaka wajen ɓoye cutar. Irin waɗannan na'urori sukan fito daga kamfani da saitin da ke cewa batir ya cika idan ya wuce 13.2V kuma wutar da ke shiga ta sauka ƙasa da kashi 4 na 'yan mintuna. Da sola, wannan na faruwa duk lokacin da gajimare ya gifta da hantsi: ƙarfin ya haura 13.2, wutar ta ragu saboda inuwa, na'ura ta buga 100. Mai jirgi ya duba ya ga ɗari, hankalinsa ya kwanta.

Saura na huɗun, mai awa 7. Dalilinsa biyu. An ɗauki jar waya da baƙar waya duka daga kansa, sauran ukun suna bayansa a jere, don haka shi ke fara bayarwa kuma shi ke ɗaukar kaso mafi girma. Sannan yana manne da bangon ɗakin inji. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 na ma'aunin Selshiyos yana raba rayuwar batirin dalma biyu.

Zaɓin da ke gaban mai jirgi

Kafin a yi maganar wane batir, sai an san abin da tafiyar za ta ci. A cikin teku na'urar tuƙi tana jan kamar 4A dare da rana, 96Ah ke nan, kuma tana ƙaruwa idan igiyar ruwa na bugowa ta baya, kamar yadda take yi a wannan hanya. Allon taswira, na'urorin auna iska da zurfi, AIS (na'urar da ke nuna jiragen da ke kusa) da rediyo 72. Firji 54, fitilu 10, sauran 25. Jimla 257Ah a rana, ninki biyu da rabi na zaman anka.

Batir mai ruwa, irin na 6V da ake sa wa motocin filin golf, shi ne mafi araha kuma mafi haƙuri. Trojan T-105 yana da 225Ah, nauyinsa kusan kilo 28. Biyu a haɗe kai da wutsiya suna ba da 12V, huɗu su ba da 450Ah. Ana iya buɗe shi a auna kowane ɗakin asid da ke cikinsa, kuma ana iya yi masa cajin wanki a 15.5V ko sama don a karya salfet tun bai yi nisa ba. Amma yana fitar da iskar haidirojin, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 a cikin iska, yana son akwati mai hanyar iska zuwa waje, kuma dogo ne. A wannan jirgi wurin batura yana ƙarƙashin gado, tsayinsa bai isa ba. Maganarsa ta ƙare a nan.

Batir mai jel yana daɗewa, amma ba ya yafe caji da ya wuce 14.1 ko 14.2V, kuma dole a sake saita komai dominsa.

Litiyom, nau'in LiFePO4, shi ne wanda kowa a tashar zai ba da shawara, kuma a kan takarda yana da gaskiya. Rumbun 300Ah bai kai kilo 40 ba, alhali AGM huɗun sun haura kilo 120. Ana iya cin kashi 80 nasa, wato 240Ah, yayin da rumbun dalma na 440 da ke yawo tsakanin 50 da 85 yake ba da wajen 150 kawai. Yana karɓar duk abin da aka ba shi har kusan cikarsa, kuma zama a rabi ba ya cutar da shi, wato ciwon da ya kashe waɗancan ba ya kama shi. Sai dai ba a cire dalma a ajiye litiyom a gurbinta a tafi, ko da mai sayarwa ya ce haka. Kwaɗayinsa na wuta yana sa altaneta ta yi ta aiki da dukan ƙarfinta har ta ƙone. Yana da na'urar tsaro, BMS, wadda ke yanke shi idan ɗaki ɗaya ya wuce 3.65V ko ya yi ƙasa da yawa, kuma idan ta yanke alhali altaneta na zuba wuta, ƙarfin yakan yi tsalle ya fasa dayod ɗin altaneta, wani lokaci har da na'urorin jirgi. Idan kuma ta yanke da tsakar dare, na'urar tuƙi da fitilun hanya duk su ɗauke lokaci guda ba sallama. Maganin waɗannan sananne ne: a bar altaneta tana cajin batirin inji na dalma, a ɗebo daga can da cajar DC zuwa DC mai 30 ko 50A, ko a sa rigiletar waje da ke magana da BMS, a sa fiyus nau'in Class T mai iya yanke 20,000A, domin litiyom idan ya haɗu da gajeriyar hanya yana zubo wutar da ƙaramin fiyus ba zai iya kashewa ba, a sa ƙararrawa kafin yankewa, da makunnin da zai mayar da muhimman na'urori kan batirin inji. Ƙungiyar ABYC ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa, ta fitar da ƙa'idarta ta E-13 a kan wannan a 2022, kuma kamfanonin inshora da dama suna so a sanar da su kafin a canja.

Duk wannan aiki ne mai kyau, amma aikin da ke son wata guda na gwaji kusa da gaɓa ne. Saura mako uku a tashi. A ganinmu, shiga tsakiyar Atalantika da tsarin da ba a taɓa kwana da shi ba ya fi haɗari a kan shiga da batir mai nauyi. Saboda haka aka sake sayen AGM huɗu, iri ɗaya, masu ranar ƙira ɗaya, aka kashe sauran kuɗin a kan hanyoyin caji. Ba a bar ko ɗaya daga cikin tsofaffin ba, har mai 69Ah, domin tsoho a cikin sababbi janyo su ƙasa yake yi.

Aikin da aka yi

An cire mai dayod, aka sa rile mai haɗa baturan biyu idan ƙarfi ya haura wajen 13V, ya raba su idan ya sauka. Ba ya cin komai a hanya. An sa wa altaneta rigiletar waje mai matakai uku, da wayar da ke jin ƙarfin wuta a kan batir ɗin kansa, da ma'aunin zafi biyu, ɗaya a jikin altaneta, ɗaya a kan batir. Na jikin batir yana da muhimmanci a hanyar da ake nufa: ana rage kusan 0.024 zuwa 0.03V a kan kowane digiri da ya haura 25, don haka 14.4V a digiri 35 yana komawa wajen 14.1. AGM da aka yi wa caji fiye da kima a cikin zafi yana fitar da ruwansa ta bawul, kuma babu hanyar mayar masa. An canja bel, aka ajiye biyu na ko-ta-kwana. Ba a sa babbar altaneta ba, tunda bel guda siriri ba ya jan abin da ya wuce 90 zuwa 100A ba tare da zamewa yana zubar da baƙar ƙura ba.

An ƙara sola ta koma wat 400, da kwantirola, wato na'urar daidaita cajin sola, nau'in MPPT. Kada a sa rai da cikakken adadin a cikin tafiya. Jirgin yana fuskantar yamma, da rana ta karkata filafilai da jigon jirgi suna jefa inuwa, kuma inuwar igiya ɗaya a kan faifai tana iya rage shi sosai. An ƙiyasta 80Ah a rana.

Wayoyin haɗi duk an sake su. Kowane batir yanzu yana da wayarsa zuwa sandar tagulla ta ja da ta baƙi, kauri ɗaya, 50mm², tsawo ɗaya ko da wani ya fi kusa. Wayar ruwa ake amfani da ita, mai silli-silli da aka shafe da kuza, domin tagulla tsirara tana yin kore ta ruɓe a iskar gishiri. An sa babban fiyus a cikin santimita 18 daga kan batir, kamar yadda ƙa'idar ABYC ta inci 7 ta tanada. A kan kowane ƙusa, kan waya mafi kauri ne a ƙasa, kuma ba a sa wosha tsakaninsa da batir, domin woshar ƙarfe ba ta wuce da wuta sosai, tana zafi har ta narkar da roba. Bayan an gama, aka tada inji aka auna tsakanin bakin altaneta da kan batir yayin da caji ke kan ganiyarsa. Ya kamata bambancin ya tsaya ƙasa da 0.3V. An sa allon kare zafi a bangon ɗakin inji, aka ɗaure kowane batir da ɗamara mai ƙarfi da za ta riƙe shi ko jirgi ya kife. Kilo 30 da ya ɓalle a cikin hadari yana iya fasa katako, kuma ruwan teku idan ya haɗu da asid da wuta yana fitar da iskar kulorin mai guba.

Na'urar lissafi an gyara mata saiti: ta ɗauki batir a cike ne kawai idan ya kai 14.2V, wutar shiga ta sauka ƙasa da kashi 2, kuma hakan ya daɗe. An kuma gano wayar rediyo da wani ya ɗaura kai tsaye a baƙin kan batir, ta tsallake shant ɗin da ke ƙirga wuta. Duk abin da ya bi ta nan ba a lissafa shi. An mayar da ita bayan shant.

Yadda za a riƙe su a hanya

Daga 257Ah, sola ta ɗauke 80, saura kusan 180. Altaneta a 60A bayan gyaran, awa uku ke nan a rana. Ana rage wannan ta hanyar kashe allon taswira idan babu komai a kusa, a bar AIS da ƙararrawarsa, da daidaita filafilai yadda na'urar tuƙi ba za ta riƙa kokawa da sitiyari ba, da riƙe tuƙi da hannu na wasu awoyi da rana. Cika firji da ruwan sha mai sanyi tun daga tasha da rage buɗe shi ma suna taimakawa. Da haka ana iya saukowa kusa da 210.

Lokacin tada inji yana da tasiri. Da asuba ne batir ya fi yunwa kuma ya fi karɓa, sai a ba shi awa ɗaya da rabi a nan, a bar sola ta ci gaba da ƙarasa na saman a hankali, wanda shi ne aikin da ta fi dacewa da shi. Sai kuma awa ɗaya kafin duhu. Tada inji da tsakar rana asarar sola ce, domin ƙarfin zai hau, kwantirola ta ja baya. A sa inji a giya idan hali ya yi, tunda dizal da ke gudu ba kaya yana tara ƙazanta a silinda. A lissafa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, wajen lita 80 na dukan tafiyar, ban da man da aka ware don ranar da iska ta ɗauke. Irin wannan rana kuwa dama ce: idan za a yi awa shida ko takwas a kan inji, batura za su samu cikar da suke bukata, kuma ana so su same ta aƙalla sau ɗaya a mako ko biyu.

Iyakar da aka sa ita ce kashi 50. Idan an cire kaya an bar batir ya huta, 12.7V ko sama cike ne, 12.2V rabi ne. A ƙarƙashin kaya yana nuna ƙasa da haka kaɗan, don haka idan aka ga 12.0V da dare ana jan 10A, a tada inji ko me na'urar lissafi ta ce. Makunnin da ke haɗa batirin inji da na hidima yana zama a kashe, sai ranar da inji ya ƙi tashi.

Sau ɗaya a mako a ɗaga gado a taɓa kowane batir da kowane ƙusa da hannu yayin caji. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, ko ya kumbura, ko ake jin warin ruɓaɓɓen ƙwai daga gare shi, a cire shi daga layi nan take, ukun za su kai jirgi. Farin gari ko kore a kan batir ana wanke shi da bekin soda da ruwa, a busar, a ɗaure, sannan a shafa basilin a sama. Ga masu batir mai ruwa akwai ƙarin aiki: duba ruwa duk mako biyu zuwa huɗu a ƙasar zafi, a ƙara tataccen ruwa na tururi kawai, ba asid ba, bayan an gama caji, sai dai idan farantai sun fito fili, a rufe su tukuna. Haidiromita, ma'aunin kaurin ruwan batir, ta nuna wajen 1.265 zuwa 1.280 a kowane ɗaki idan ya cika.

Da an isa Rodney Bay a Sant Lushiya, a jona wutar tasha a bar caja ta yi cikakken zagayenta na kwana guda kafin a koma kan anka. A duba lakabin cajar tun daga Las Palmas: wutar Turai 230V ce mai 50Hz, tsibiran Karebiyan kuwa wasu haka suke, wasu 110V ne mai 60Hz, kuma ba kowace caja ke karɓar duka biyun ba. Gwajin awa ashirin a maimaita shi sau ɗaya a shekara, a rubuta sakamakon a littafin jirgi, a kuma shigar da sabon adadin cikin na'urar lissafi a madadin 440.